Zagayen madatsar ruwa a gindin tsaunuka da keke: ina lissafina ya kuskure?

Sabon Mahayi ya rubuta:

Assalamu alaikum, jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni daɗewa a kan sirdi, domin na yi wata tafiya a makon jiya wadda har yanzu cinyoyina ba su yafe mini ita ba, kuma ina so in fahimci inda lissafina ya kuskure kafin in sake gwadawa.

Shekara biyu ke nan ina hawan keken tsere a kan kwalta, amma duk a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, inda nakan yi kilomita 60 cikin awa biyu da rabi ba tare da wata wahala ba. Da na samu hutu sai na duba taswira, na ga wata hanya da ta kewaye tafkin wata madatsar ruwa a gindin tsaunuka, tsawonta kilomita 62. Na ce a raina, tunda ruwa a kwance yake, hanyar da ke bin gefensa ma a kwance za ta kasance. Saboda haka na ɗauki gorar ruwa guda, na fita da hantsi, na gaya wa mutanen gida cewa zan dawo kafin azahar. Ban dawo ba sai dab da la'asar.

Tun kafin in ga ruwan da idona na sha wani hawa mai tsauri daga ƙasan kwari zuwa saman bangon madatsar, kuma na ɗauka shi ne kaɗai wahalar ranar. Ashe somin-taɓi ne. Daga nan hanyar ba ta ƙara kwanciya ba: a hau na minti biyar, a gangaro na minti ɗaya, a sha kwana, a tsallake kwalbati, a sake fuskantar wani hawan. Na daina ƙirgawa bayan na goma sha biyu. Sau biyu na sauka na tura keken da hannu, ruwana ya ƙare tun ina tsallaken tafkin, a gangaren ƙarshe kuma birkina ya fara wani kuka, bakin wilin ya yi zafin da ban iya riƙe shi da yatsa ba.

Tambayoyina ga su. Ta yaya mutum zai gane irin wannan hanya tun daga taswira, kafin ƙafarsa ta gaya masa? Shin giyar kekena ce ba ta dace ba, ko kuwa ƙarfina ne bai kai ba? Ƙaramin farantin gaba yana da haƙora 39, mafi girman firiwil na baya kuma 25. Sannan akwai wata hikima wajen zaɓen ɓangaren da za a fara zagayawa da lokacin fita? Na gode.

Baba Mai Awon Hanya ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗana. Sannu da wahala. Na yi shekaru ina aikin awon hanya kafin in ajiye aiki, kuma kuskuren da ka yi shi ne wanda kusan kowa ke yi a karon farko, domin ido yana ganin shuɗin ruwa a taswira sai zuciya ta yanke hukunci a kan kwaltar da ke gefensa. Bari in yi maka bayanin yadda irin wannan hanya take samuwa, domin idan ka gane asalinta, taswirar da kanta za ta riƙa yi maka magana.

Kafin a datse kogi, hanya takan bi ƙasan kwari ne, kusa da ruwa, saboda nan ne ya fi sauƙin ginawa, nan ne kuma gonaki da ƙauyuka suke. Ranar da aka rufe madatsa, wannan tsohuwar hanya mai sauƙi ta tafi ƙarƙashin ruwa ke nan, sai a fasa sabuwa a jikin dutse, sama da iyakar da ruwa zai kai idan tafkin ya cika maƙil. To, jikin dutse ba bango ne miƙaƙƙe ba. Kowace ƙorama da ke gangarowa daga tsauni ta riga ta yanka nata ƙaramin kwari, ruwan tafki kuma ya shiga ya cika bakin kowanne, shi ya sa tafkin madatsa a taswira yake kama da tafin hannu mai yatsu. Mai fasa hanya idan ya iso irin wannan yatsa, ko dai ya gina doguwar gada, wadda kuɗinta ke da yawa, ko ya bi gefen yatsan har ƙarshensa ya dawo, wanda ke ƙara tsawo, ko kuwa ya haura ta bisa hancin tudun da ke tsakanin yatsa da yatsa ya gangaro ɗaya ɓarin. Sau da yawa na ƙarshen ake zaɓa, kuma mota ba ta ma sanin an yi hawa ba. Kai da ke kan keke ne kake biyan bashin, tudu bayan tudu.

Akwai misali mai kyau a Faransa, tafkin Serre-Ponçon, inda aka datse kogin Durance kusa da mahaɗarsa da kogin Ubaye, a kudancin tsaunukan Alps. Ruwa ya cinye tsohon garin Savines, aka gina sabo a sama, aka kuma haɗa gaɓa da gaɓa da gada mai tsawon fiye da mita 900. A babbar gasar keke ta Tour de France ta 2013 an yi tseren agogo, wato wanda kowane mahayi ke fita shi kaɗai ana auna masa lokaci, a gefen wannan tafki, daga Embrun zuwa Chorges, kilomita 32 kacal, amma a ɗan wannan tsakani sai da mahaya suka haura manyan hawa biyu, kuma Chris Froome ne ya lashe ranar. Garuruwan biyu suna kusa da ruwa ɗaya, sai dai abin da ke tsakaninsu, idan aka bar babban titi, tsauni ne. A Amurka kuma, a jihar Kolorado, akwai tafkin Horsetooth da ke yammacin birnin Fort Collins, daidai inda filin ƙasa ya ƙare duwatsun Rocky suka fara. Tsawonsa bai wuce kilomita 10 da 'yan kai ba, madatsu huɗu ne suka toshe gibin da ke tsakanin tuddai, hanyar da ke gabashinsa kuma takan gangara ta bi ta kan madatsa, ta haura tudu, ta sake gangarawa kan wata madatsar. Mahaya keke na can suna zuwa ne musamman don wannan hawa da sauka.

Hawan farko da ka sha kuwa, daga ƙasan kwari zuwa saman bango, ba makawa ne. Duk tsayin da aka ba madatsa, hanyar da ta taso daga ƙasanta dole ta rama shi, kuma a ɗan gajeren wuri, domin a inda kwari ya fi matsewa ake gina bango. Bangon Serre-Ponçon ya haura mita 120, na Katse a Lesoto mita 185, na Grande Dixence a Suwizalan mita 285. Idan ka san tsayin madatsa, ka san mafi ƙarancin abin da za ka haura kafin ka ga ruwa.

Yanzu ga abin da ya ruguza maka lissafin lokaci, kuma ina so ka riƙe shi sosai. Mutane suna zaton gangara tana mayar musu da abin da hawa ya ci. A ƙarfi tana mayarwa kaɗan, a lokaci kuwa abin da take mayarwa bai kai wanda hawa ya ci ba. Ɗauka ka haura kilomita ɗaya da gudun kilomita 8 a awa: minti bakwai da rabi ke nan. Ka gangaro kilomita ɗaya da gudun 40: minti ɗaya da rabi. Jimla minti tara a kilomita biyu, wato matsakaicin gudunka kimanin 13 ne, alhali a fili da gudun 24 za ka cinye wannan tazara cikin minti biyar. Maimaita wannan sau goma sha biyar ka ga inda azaharka ta koma la'asar.

Saboda haka idan za ka duba hanya, kada idonka ya tsaya a kan adadin kilomita. Nemi jimillar hawan da ke cikinta a mita, ka raba da tsawonta. Ni a ma'aunina, hanyar da ke da mita 5 a kowace kilomita kusan kwance take, mai mita 10 ta fara tuddai, mai mita 15 zuwa 20 kuwa hanyar tsauni ce ko da ba ta taɓa rabuwa da bakin ruwa ba. Sannan ka buɗe taswira mai layukan tsayi, wato layukan da kowannensu ke haɗa wuraren da tsayinsu ɗaya ne. Inda hanya ta bi layi ɗaya tana lanƙwasa tare da shi, a kwance take. Inda ta yanke layuka a jere, hawa ne ko gangara, kuma gwargwadon matsewar layukan gwargwadon tsaurinsa. Wata alama mai sauƙi ita ce, duk inda ka ga hanya ta yi nesa da gaɓa ta yanke wani tsibirin ƙasa da ya shiga ruwa, to, ka shirya ƙafarka.

Maman Ummi ta amsa:

Baba, Allah ya ƙara girma, bayaninka ya gamsar, amma ina da ɗan gyara don kada ɗan'uwanmu ya tsorata da duk wani tafkin madatsa. Ba dukansu ne haka ba. Tafkin Vyrnwy da ke yankin Wales na Birtaniya, wanda aka gina a shekarun 1880 don kai wa birnin Liverpool ruwan sha, har ƙauyen Llanwddyn ya nutse a ƙarƙashinsa, yana da hanyar da ta kewaye shi kaf, kimanin kilomita 19, kuma kusan a kwance take, tana manne da gaɓa a cikin itatuwa. Iyalai suna zagaya shi da yaransu. Wanda kuma yake neman wahala, daga gefen tafkin akwai 'yar siririyar hanya da ke haurawa zuwa mashigar Bwlch y Groes, mai tsayin mita 545, wadda ɗaya ɓarinta ke da tsaurin da ya kai kashi 25 cikin 100 a wasu wurare, wato tashin mita ɗaya a kowace mita huɗu. A ganina wannan shi ne daɗin ƙasar madatsu ga mai keke: sauƙi da tsanani suna maƙwabtaka, mutum ya zaɓi wanda ya yi daidai da ƙarfinsa a ranar.

Game da ɓangaren da za a fara zagayawa, ya danganta da hannun da ake tuƙi a ƙasar. Inda ake tuƙi a hannun dama, idan ka zagaya yadda hannun agogo ke juyawa, ruwa yana damanka, kai ne a gefen tafki. Amfaninsa shi ne za ka ga ruwan sosai, kuma idan kana son tsayawa ba sai ka tsallake titi ba. Idan ka juya akasin haka, kai ne a jikin dutse, inda tsakuwa da ɓaraguzan da ruwan sama ya wanko suke taruwa a gefen kwalta, kuma a kwanar da ta lanƙwasa ta bayan dutse direban da ke biye da kai ba ya ganinka sai ya iso kanka. A ƙasashen da ake tuƙi a hagu, kamar Birtaniya da Lesoto, sai a juya maganar. Ni na fi son gefen ruwa, sai fa inda babu shingen ƙarfe kuma ramin yana da zurfi, nan kam nakan gwammace tsakuwa.

Ka kuma kula da ranar da za ka je. Tafkin da ake yawon jirgin ruwa a kansa yakan cika da motoci masu jan jirgi a tirela a ƙarshen mako, tirelar kuma ta fi motar faɗi, direba ya wuce ka lafiya amma tayar tirela ta zo dab da gwiwarka.

Oga Makanike ya amsa:

Ƙanena, tunda Baba ya ɗauki hanya, Hajiya Maman Ummi ta ɗauki juyi, ni bari in ɗauki keken. Amsar tambayarka ta biyu a taƙaice ita ce giyarka ba ta wannan ƙasa ba ce, kuma ko wanda ya fi ka ƙarfi zai sha wuya da ita.

Wilin keken tsere yana cin kimanin mita 2.1 a kowane juyi. Da haƙora 39 a gaba da 25 a baya, juyin feda ɗaya yana tura ka kusan mita 3.3. Idan kana haura tudu mai tsaurin kashi 10 cikin 100, wato wanda ke tashi mita 10 a kowace mita 100, da gudun kilomita 7 a awa, fedarka tana juyawa sau 36 kacal a minti. Wannan ba tuƙi ba ne, daka ne, kuma gwiwa ce ke ɗaukar nauyinsa, shi ya sa bayan hawa na goma ƙafarka ta ƙi. Da a ce kana da faranti mai haƙora 34 a gaba da firiwil mai 34 a baya, juyin feda ɗaya juyin wili ɗaya ne, kuma a wannan gudun za ka riƙa juyawa kusan sau 56. Gudun ɗaya ne, aikin ɗaya ne, amma an rarraba maka shi ƙanana, kamar wanda zai kwashe tarin yashi da ƙaramin kwano maimakon buhu. Yawancin kekunan tsere na yanzu da ake yi don talakawan mahaya suna zuwa da faranti biyu, 50 da 34, da firiwil mai farawa daga 11 zuwa 32 ko 34. Kafin ka sayi babban firiwil, ka sa a duba ko na'urar canja giya ta baya tana da dogon hannun da zai ɗauke shi, sarƙa ma sai an ƙara mata tsawo.

Akwai kuma dabarar canja giya a irin wannan hawa da sauka, wadda mutumin fili bai saba da ita ba. Idan ka gangaro da gudu ka ga kwalbati a ƙasa, hawa na jiranka a bayansa, to, tun kafin gudun ya mutu ka sauke sarƙa zuwa ƙaramin faranti. Idan ka jira sai ƙafarka ta yi nauyi sannan ka canja, za ka ji ƙarar ƙarfe na cin ƙarfe, wani lokaci sarƙar ta zame ta faɗa tsakanin faranti da jikin keke, ka tsaya cak a tsakiyar tudu da takalmi a maƙale da feda. An sha kawo mini keke da fenti a goge a daidai wannan wuri, ban ma tambayi mai shi abin da ya faru ba.

Batun birki ya fi damuna, domin shi ne mai kai mutum asibiti. Mutum da kekensa masu nauyin kilo 85 idan suka sauko mita 100, ƙarfin da ke fita ya kai wanda zai tafasa rubu'in lita na ruwa. Idan kana gudu, iska tana ɗauke kaso mai yawa. Idan kuwa ka danne birki kana jan ƙafa tun daga sama har ƙasa, kusan duka yana komawa zafi a bakin wili da robar birki. Roba ta yi zafi ta daina kamawa, iskar taya ta kumbura, a gangara mai tsawo har tub yakan fashe. Abin da ya kamata shi ne ka saki keken a miƙaƙƙen wuri, ka damƙi birki biyun da ƙarfi kafin kwana, ka saki, wili ya sha iska. Birkin gaba shi ne mai tsayar da keke na haƙiƙa, don haka ka koyi amfani da shi, kana ja da mazauninka baya a kan sirdi. A cikin kwana, fedar waje ta kasance a ƙasa da nauyinka a kanta, idonka kuma a kan mafitar kwanar. Birkin faifai, wato wanda ke kama faifan ƙarfe a tsakiyar wili maimakon bakinsa, ya fi jure zafi da jiƙa, amma shi ma yana da iyaka, kuma kada ka kuskura ka taɓa faifan bayan doguwar gangara.

Kwanar da ta fi haɗari a gefen tafki ita ce wadda ke ƙarshen yatsan da Baba ya ambata, inda hanya ke tsallake ƙorama. Ita ce mafi ƙasa, don haka a nan gudunka ya fi yawa. Ita ce mafi matsewa. A nan kuma inuwa take, kwalta ba ta bushewa da wuri, yashi da ganye suna kwance a kai. Taya mai faɗin milimita 28 zuwa 32, wadda ba a cika mata iska ta yi tauri kamar dutse ba, ta fi siririya riƙe ƙasa a irin wannan wuri.

Sabon Mahayi ya sake rubutawa:

Baba, Hajiya, Oga, Allah ya saka da alheri. Na koma na duba taswirar da layukan tsayi kamar yadda Baba ya ce, sai ga tuddan nan a fili ɗaya bayan ɗaya, har da biyun da na tura keke, na kuma gane cewa akasin hannun agogo na bi, shi ya sa na yini ina kauce wa tsakuwa. Sai dai wani abu ya ɗaure mini kai. Na'urar da ke kan kekena ta rubuta cewa na haura mita 980 a ranar, amma da na zana hanyar a wata manhaja sai ta ba ni kusan mita 1,400. Wanne zan gaskata? Domin idan zan riƙa raba hawa da tsawo, ya kamata in san adadin da zan raba.

Baba Mai Awon Hanya ya sake amsawa:

Hajiya, na karɓi gyara, kuma misalinki ya ƙara fito da dalilin: inda kwari ke da gaɓa mai sauƙi, aka kuma gina hanyar tare da madatsar a layi ɗaya sama da ruwa, zagayen yakan kwanta.

Ɗana, a irin wannan ƙasa na fi gaskata na'urarka, idan dai mai auna matsin iska ce. Manhajojin tsara hanya irin su Strava da Komoot da Ride with GPS suna dogara, a wani ɓangare, da taswirar tsayin ƙasa wadda aka yanka gida-gida, kowane gida aka ba shi tsayi ɗaya. Wadda aka fi sani a duniya ta samo asali ne daga awon da kumbon Amurka ya yi da na'urar rada a shekarar 2000, faɗin kowane gida kuma kimanin mita 30 ne. A fili wannan ba matsala ba ce. Amma hanyar da aka sassaƙa a jikin dutse faɗinta bai fi mita bakwai ba, sama da ita bango, ƙasa da ita rami, don haka idan layin da aka zana ya goce kaɗan zuwa dama sai manhaja ta ɗauka ka hau bango, idan ya goce hagu ta ɗauka ka faɗa rami, ta riƙa tara maka hawan da ƙafarka ba ta taɓa yi ba. Gada ma haka: wata manhajar sai ta saukar da kai har ƙasan kwari ta sake haurar da kai. Ramin da aka huda cikin dutse kuwa, sai ta ƙirga maka kamar ka bi ta ƙololuwa. Kamfanonin suna gyara wannan da bayanan mahayan da suka riga suka bi hanyar, shi ya sa hanyar da ake yawan bi ta fi fitowa daidai. Na'urar matsin iska ita ma tana ruɗewa idan hadari ya taso, domin faɗuwar matsin iska a wurinta tamkar hawa ce, amma a rana mai sanyin hali kuskurenta kaɗan ne. Mita 980 a kilomita 62 ya ba ka kusan 16 a kowace kilomita. Hanyar tsauni ka yi da giyar fili da gora ɗaya, don haka kada ka raina ƙarfinka.

Saura tambayarka ta lokaci, wadda ba wanda ya taɓa. A gindin tsaunuka iska tana da jadawali. Da rana ta ɗumama jikin duwatsu, iskar da ke kansu takan yi sama, ta jawo wata daga fili, saboda haka daga hantsi zuwa yamma iska takan hura daga ƙasan kwari zuwa samansa. Da dare kuma iska mai sanyi ke gangarowa, har zuwa sassafe. Tafki dogo kamar bututu yake ga wannan iska, babu abin da ke tare ta a kan ruwa. Wanda ya fita da hantsi ya nufi saman kwari, inda kogi ke shiga tafkin, iska na tura shi, sai ya ji daɗi ya yi nisa, da ya juyo da rana tsaka a gajiye sai ya tarar da ita a fuskarsa har gida. Ina kyautata zaton wannan ma ya same ka ba ka lura ba. Idan ka fita da sassafe, za ka gama yawancin zagayen kafin ta ƙarfafa, za ka kuma tsere wa hadarin yamma, wanda a lokacin zafi yakan haɗu a kan tsaunuka cikin ɗan lokaci, ya sauko da tsawa. Abin da za ka biya shi ne sanyi da hazon da ke kwanciya a kan ruwa da asuba, don haka ka sa fitila gaba da baya, ka kuma riƙe 'yar riga mai tare iska a aljihu. Idan hanyar za ta kai ka sama sosai, ka tuna cewa zafin iska yana raguwa da kimanin digiri 6.5 a kowace mita 1,000, gumin hawa kuma shi ne ke daskarar da mutum a gangara.

Kan bangon madatsa wuri ne da za ka riƙe kan keke da hannu biyu, domin iska na bugowa daga gefe ba tare da kariya ba, akwai kuma gaɓoɓin ƙarfe da aka bari a kwalta don motsin kankare, waɗanda ke santsi idan sun jiƙe. Wasu madatsun ma hukuma ba ta yarda a bi ta kansu ba, ko tana rufe su a wasu sa'o'i, idan kuwa zagayenka ya dogara da wannan tsallakawa, rufewar na nufin ka koma ta inda ka fito, don haka ka tabbatar tun kafin ka fita. Ruwan tafki kuma, duk kyan ganinsa, ba a tace shi ba tukuna, a lokacin zafi wani kan yi koren gansakuka mai guba, ɗaya gaɓar tafkin kuma sau da yawa babu gari, babu sabis na waya, domin mutanen da ke wurin an tashe su tun lokacin gini. Ka ɗauki gora biyu, ka san tun daga gida inda za ka sake cikawa, ka kuma gaya wa mutanen gida ta wane ɓangare ka fara.

Maman Ummi ta ƙara da cewa:

Malam, idan ka canja giyar, kada ka koma wa zagayen gaba ɗaya a karon farko. Ka fara daga saman madatsar, ka bi gaɓa ɗaya na minti arba'in da biyar ka juyo, ka ga yadda ƙafarka ta ɗauki tuddai biyar ko shida da sabon firiwil, sannan mako na gaba ka ƙara har da hawan da ke ƙasan bango. Ka kuma rubuto mana adadin da na'urar ta nuna, ina so in gwada shi da ma'aunin Baba.